Yadda ake ziyartar Kashkaish, garin masunta da sarakunan Fotugal suka mayar wurin hutu

Kashkaish ƙaramin gari ne a bakin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 30 yamma da Lisbon, babban birnin Fotugal. A allunan hanya da tikitin jirgi za ka ga an rubuta shi Cascais, amma masu garin Kashkaish suke faɗi. Yawancin baƙi jirgin ƙasa na hantsi suke shigowa, su zaga kasuwa, su sha askirim, kafin la'asar sun koma Lisbon. Ni dai ban ga hikimar hakan ba. Kyan garin nan da sassafe yake fitowa, lokacin da masunta ke kintsa komarsu, da kuma bayan magariba idan 'yan yini ɗaya sun watse. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa na gina shi ne a kan cewa za ka kwana, aƙalla dare biyu, in da hali uku.

Mataki na farko: zaɓi watan tafiya

Ka nufi Mayu, Yuni ko Satumba. A Yuli da Agusta Turai gaba ɗaya hutu take yi, kuɗin masauki yana haurawa, bakin teku kuma ba masaka tsinke. Daga Nuwamba zuwa Maris akwai ruwan sama da iska mai sanyi, sai dai masauki yana araha, kuma teku a lokacin ne yake nuna ƙarfinsa. Wanda ya tashi a zafin Sakkwato ko Damagaram ba zai kira bazararsu zafi ba, har ma da dare sai ya nemi rigar sanyi, domin akwai wata iskar arewa da ke kaɗawa da yamma, suna kiranta nortada.

Abu ɗaya da ya kamata mai sallah ya sani tun daga gida: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, isha kuma tana kaiwa kusan 11. Wanda tafiyarsa ta faɗo cikin azumi a irin wannan lokaci, ya shirya wa yini mai tsawo. Agogonsu a bazara daidai yake da na Najeriya da Nijar, a lokacin sanyi kuma suna baya da awa ɗaya.

Mataki na biyu: biza

Fotugal tana cikin ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, don haka bizar gajeren zama za ka nema, wadda ke ba da damar kwana har 90 cikin kowane kwana 180. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, yaro mai shekara 6 zuwa 12 kuma yuro 45, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci. Fotugal tana da ofishin jakadanci a Abuja, kuma daga shafinsa na intanet ya kamata ka fara, don a nan za ka ga inda ake miƙa takardu a halin yanzu.

Abin da za ka tanada: fasfo da bai haura shekara 10 da bayarwa ba, wanda zai ƙara aƙalla wata 3 yana aiki bayan ranar da za ka baro Turai, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, inshorar lafiya ta tafiya da ta kai yuro 30,000, shaidar kama masauki, shaidar kujerar jirgi zuwa da dawowa, bayanan asusun banki na watannin baya, da takardar wurin aiki ko ta rajistar kasuwancinka. Ana iya miƙa buƙata tun wata 6 kafin tafiya. A ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya jan kwana 45, kuma samun ranar ganawa shi kansa yana cin lokaci. Ka fara da wuri.

Shawarata biyu a nan. Kada ka zuba kuɗin aro cikin asusunka ana gobe za ka fitar da bayanan banki, domin kuɗin da ya faɗo dare ɗaya shi ne abin da mai duba takarda yake fara tsayawa a kansa. Kuma kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Mataki na uku: jirgi da kaya

Filin jirgin Lisbon sunansa Humberto Delgado. Daga yankinmu galibi sai an ya da zango, a Kasabalanka, Istanbul ko Faris. Idan kana neman tikiti ko otal a intanet ka lura da kyau: Fotugal ma tana da garin da ake rubuta sunansa Lagos, can kudu a yankin Algarbe, tafiyar awanni daga inda za ka. Daga harshen Fotugis ɗin ne ma Legas tamu ta samo sunan da Turawa suke kiranta da shi.

A jaka ka sa takalmi mai taushi wanda ƙasansa ke kama ƙasa. Titunan garin da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe aka shimfiɗe su, sun sha ƙafa har sun yi santsi, idan aka yi yayyafi kuwa sai a hankali. Ka ɗauki rigar sanyi marar nauyi, da ƙaramar darduma. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, mutumin Najeriya ko Gana zai buƙaci adafta. Kilishi, dambun nama, man shanu da duk wani abin nama ko madara, bar su a gida: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da su, ƙwacewa ake yi, har da yiwuwar tara. Wanda ke ɗauke da tsabar kuɗi da ta kai yuro 10,000 dole ya bayyana wa jami'an kwastan.

Mataki na huɗu: daga filin jirgi zuwa Kashkaish

Tasi ko Uber ko Bolt za su kai ka ƙofar masauki cikin kamar minti 40 idan hanya ba cunkoso. Mai iyali da akwatuna da yawa, wannan ce hanyarsa. Amma wanda kayansa ba nauyi, jirgin ƙasa ya fi, don shi kansa rabin yawon ne.

Ga yadda ake yi. A filin jirgi ka sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka sayi katin navegante a na'ura, katin kwali ne na santi 50. Ka zuba masa kuɗi ta tsarin da suke kira zapping, wato kuɗin da ake cira duk lokacin da ka hau. Dalili shi ne katin ba ya ɗaukar tikiti iri biyu a lokaci guda, amma da zapping kati ɗaya zai yi maka aiki a jirgin ƙarƙashin ƙasa da na Kashkaish duka. Kowane mutum da katinsa, ba a tarayya. Ka hau jan layi zuwa Alameda, ka sauya zuwa koren layi har ƙarshensa, tashar Cais do Sodré. Ka hau sama, jirgin Kashkaish yana nan, yana tashi kusan kowane minti 20, tafiyar minti 40 ce, kuɗin bai kai yuro 3 ba. Ka taɓa katin a na'ura kafin ka shiga, don masu duba tikiti suna zagawa.

Ka zauna a ɓangaren hagu. Layin nan, wanda aka fara buɗe wani sashensa a 1889, yana bin gaɓar Kogin Tejo ne har inda kogin ya shige teku. Za ka wuce unguwar Belém, inda jiragen ruwan Fotugis suka riƙa tashi zuwa gaɓar Afirka da Indiya, sai Oeiras, Carcavelos, Estoril. Kashkaish ce tasha ta ƙarshe, ba yadda za a yi ka wuce ta. Jaka da waya dai a riƙe su a gaba, musamman a Cais do Sodré, don inda baƙi suka taru masu yankan aljihu ba sa nisa.

Mataki na biyar: masauki

Ka nemi ɗaki a tsohon gari, tsakanin tashar jirgi da ganuwar da suke kira Cidadela, yadda komai zai zama tafiyar ƙafa ta minti 10. Idan kuɗin ya yi tsada, duba Monte Estoril ko Estoril, tasha ɗaya ko biyu baya. Mai iyali ya fi dacewa da gida mai kicin, saboda dalilin da zai bayyana idan mun zo maganar abinci. Ka tambaya ko akwai lifta, don tsofaffin gidajen da yawa matakala ce zalla. Akwai kuma ɗan harajin baƙi na kowane dare, wanda sau da yawa a masaukin ake karɓa, daban da kuɗin ɗaki. Alƙibla daga can gabas take, da 'yar karkata kaɗan zuwa kudu.

Mataki na shida: yinin farko, da ƙafa

Ka fito bayan asuba ta waye, ka nufi Praia da Ribeira, ɗan bakin tekun da ke tsakiyar gari, wanda ake kuma kira na masunta. A nan za ka ga ƙananan jiragen kamun kifi da tarkunan kama wata halittar teku mai hannu takwas jibge a gefe. Asalin garin ke nan. Tun 1364 Sarki Pedro na Ɗaya ya ba shi matsayin gari mai cin gashin kansa, mutum-mutuminsa na tsaye a dandalin da ke fuskantar ruwan, amma shekara ɗari biyar bayan haka garin bai wuce na masunta da sojan gadin bakin kogi ba. Abin da ya sauya shi shi ne 1870, lokacin da Sarki Luís na Ɗaya ya mayar da gidan gwamnan Cidadela fadarsa ta hutun ƙarshen bazara. Inda sarki ya sa ƙafa kuwa, fadawa da attajirai ba sa bari. Manyan gidajen da za ka gani jere a bakin ruwa, kowanne da salonsa, daga nan suka samo asali. A cikin wannan ganuwa aka fara kunna fitilar lantarki a Fotugal, a 1878.

Ka shiga farfajiyar ganuwar, kyauta ne, sannan ka bi ta gefen tashar jiragen ruwa na shaƙatawa zuwa yamma. Cikin 'yan mintuna za ka iso wata ƙaramar gada. Tsaya a kanta. A hagu akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Santa Marta mai ratsin shuɗi da fari, wadda aka gina a 1868, da gidan Casa de Santa Maria a jikinta, ruwa kore shar yana shigowa ƙarƙashin gadar idan teku ya cika. A dama kuma gidan Condes de Castro Guimarães ne, mai hasumiya, wanda ya zama gidan tarihi a 1931. A duk garin ban san wurin da ya kai wannan gadar kyau ba, kuma kafin ƙarfe 9 na safe kusan kai kaɗai za ka same ta.

Ka lura da tayil masu zane da aka lulluɓe bangaye da su. Sunansu azulejo, kalmar kuma daga Larabci take, domin ƙasar nan ta yi ƙarnoni a ƙarƙashin Musulmin Andalus kafin Lisbon ta faɗa hannun Sarki Afonso Henriques a 1147. Arewa da Kashkaish kaɗan akwai garin Alcabideche, mahaifar wani mawaƙin Larabci na ƙarni na 11 mai suna Ibn Muƙana, kuma har yau suna tunawa da shi.

Bayan gidan tarihin akwai lambun Marechal Carmona, inda ɗawisu da kaji ke yawo sake, ga inuwa ga wurin wasan yara. Idan da ƙanana kake tafe, a nan za a huta. Gaba kaɗan akwai gidan zane-zanen Paula Rego, jan gini mai dogayen dala biyu da aka buɗe a 2009. Ginin ya cancanci kallo ko daga waje, zanen ciki kuwa na manya ne, ba kowanne zai dace da yara ba. Gidajen tarihin garin galibi rufe suke ranar Litinin.

Daga nan ka ci gaba da bin bakin dutse kamar minti 20 zuwa Boca do Inferno, ma'anarsa Bakin Jahannama. Kogo ne da teku ya ci har rufinsa ya rufta, ruwa na shigowa ta ƙarƙashin wata baka ta dutse yana dukan bango. Ranar da teku ke kwance za ka ce sunan ya fi wurin girma. Ranar iska kuwa, ƙarar tana shiga har ƙirji. Kada ka tsallake shingen don ɗaukar hoto, kuma kada ka bi masu kamun kifi zuwa kan duwatsun ƙasa: su sun san lokacin igiyar ruwa, kai ba ka sani ba.

Da yamma, bayan la'asar, ka juya gabas. Akwai faffaɗar hanyar ƙafa a kan katangar teku, suna kiranta paredão, kimanin kilomita 3 daga Kashkaish ta wuce Estoril. Tsofaffi, masu gudu, iyaye da kekunan jarirai, kowa a nan yake. A Estoril ɗin ne sarakunan Turai da suka rasa gadon mulki da 'yan leƙen asiri suka taru lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, saboda Fotugal ba ta shiga yaƙin ba. Sarkin Italiya na ƙarshe, Umberto na Biyu, a Kashkaish ya yi zaman gudun hijirarsa. Babban ginin da ke saman lambun Estoril gidan caca ne, ka sani kafin ka nufe shi. Idan ƙafa ta gaji, ka hau jirgi ka dawo.

Mataki na bakwai: abinci, inda ake buƙatar buɗe ido

Fotugis masu cin kifi ne ƙwarai, wannan kuwa sauƙi ne gare mu. Amma masu cin alade ne ƙwarai su ma, kuma yana ɓuya a inda ba ka zato. Ka haddace waɗannan kalmomi: porco shi ne alade, presunto, fiambre, chouriço da toucinho duk namansa ne da aka sarrafa, banha kitsensa, vinho kuma giya. Bifana burodi ne da naman alade. Miyar ganyen da suke kira caldo verde ana jefa mata yankan chouriço a ƙarshe. Abincin wake da na shinkafa da yawa ana ɗanɗana su da shi, abincin ƙumban teku kuma sau tari da farar giya ake dafa shi. Har biskit ɗin garin, areias de Cascais, a girkin gargajiya akan sa masa banha, don haka ka tambaya kafin ka saya tsaraba. Tambayar gajeriya ce: "Tem porco? Tem vinho?", wato akwai alade, akwai giya? In za ka ce ban da su: "Sem porco, sem vinho."

Abin da ba ya ba da wahala shi ne gasasshen kifi, peixe grelhado. Ka nemi dourada ko robalo, gishiri da man zaitun kawai ake sa musu, a kawo da dafaffen dankali da ganye. A watan Yuni lokacin sardin ne, ana gasa shi a kan gawayi har a bakin titi. Akwai kuma bacalhau à Brás, busasshen kifi mai gishiri da aka yayyaga aka haɗa da ƙwai da siraran soyayyen dankali. Abincinsu ba yaji, mai son zafi ya ce a kawo piri-piri, ko ya taho da yajinsa na gari a leda mai rubutu.

Abubuwa biyu na kama baƙo a gidan abinci. Na farko, burodi, zaitun da cuku da ake ajiye maka kana zama ba kyauta ba ne. Abin da ka taɓa za a sa a lissafi, wanda ba ka so ka ce a ɗauke. Na biyu, babban kifi da kilo ake sayar da shi, don haka ka sa a auna a faɗa maka kuɗin kafin ya hau wuta. Gidajen abincin da ke kan babban dandali, masu yaro a ƙofa yana kira, sun fi tsada. Ka shiga lungu biyu ko uku ciki. Abincin dare ba ya farawa sai wajen 7 da rabi.

Naman halal ya fi samuwa a Lisbon, a unguwar Martim Moniz, musamman titin Benformoso inda 'yan Bangaladash da Fakistan suke da mahauta da gidajen abinci. Mai kicin kuwa ya je kasuwar Mercado da Vila da safiyar Laraba ko Asabar, ranakun da manoma ke kawo kaya, ya sayi kifi ɗanye, tumatir da 'ya'yan itace. Askirim ɗin Santini, wanda aka fara sayarwa a bakin tekun Estoril a 1949, layinsa yana da tsawo amma yana tafiya.

Mataki na takwas: shiga ruwa

Ruwan da sanyi, ko a Agusta da wuya ya kai digiri 20. Ka duba tuta kafin ka taka: kore ana iyo, rawaya a tsaya a bakin ruwa ban da iyo, ja kada a shiga sam. Tuta mai gida-gida tana nufin mai ceto ba ya nan. Wuraren iyo na Conceição da Duquesa, kusa da tashar jirgi, ruwansu a kwance yake, sun dace da yara. Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa: shigar bakin teku a can ta Turai ce, da rana tsaka mutane kusan tsirara suke. Wanda hakan zai dame shi ko iyalinsa, ya je da sassafe, ko ya zaɓi Mayu da ƙarshen Satumba. Lambar gaggawa 112 ce.

Mataki na tara: yini na biyu da na uku

Ka yi hayar keke ka bi hanyar kekuna ta bakin teku zuwa Guincho, kamar kilomita 9, kusan duk shimfiɗaɗɗiya. Ka fita da safe, don iska tana tashi bayan azahar. Guincho tudun rairayi ne da igiyar ruwa mai ƙarfi, wurin gwanayen hawan igiya. Kai kallo ya kai ka, ba iyo ba.

Daga tashar bas da ke kusa da tashar jirgi akwai motar da ke bi ta wajen Cabo da Roca, ƙarshen ƙasar nahiyar Turai ta yamma, dutse mai tsayin kusan mita 140 a kan teku da hasumiyar fitila tun 1772. Lambobin bas ɗin sun sauya a 'yan shekarun nan, saboda haka ka faɗa wa mai sayar da tikiti sunan wurin, kuma ka tambayi lokacin motar ƙarshe ta dawowa. Sintra, wani tsohon gari, tana bayan tsaunin da ke arewa da Kashkaish, da ganuwar da Musulmin Andalus suka gina a kan dutse da fadar Pena mai launin rawaya da ja. Ita yini guda take so, kuma tikitin fadar mai ƙayyadajjen lokaci ne, a saye shi a intanet tun kafin ranar.

Idan Juma'a ta same ka a can, babban masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985, yana kusa da tashar Praça de Espanha a kan shuɗin layi. Daga Cais do Sodré ka hau koren layi tasha ɗaya zuwa Baixa-Chiado, ka sauya. Ka baro Kashkaish aƙalla awa biyu kafin lokaci; za ka tarar da 'yan Gini Bisau, Mozambik, Senegal da Maroko cike da sahu. Ranar komawa gida ma haka: ka ware awa ɗaya da rabi daga Kashkaish zuwa filin jirgi idan jirgin ƙasa za ka bi, ban da awa uku da ake so ka isa kafin tashi, domin layin duba fasfo na masu fita daga Shengen a Lisbon yana iya yin tsawo.